Ɗumama sabon gida mai tsimin makamashi: lissafi tukuna, sannan na'ura

A ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa, duk wanda ya tashi gina sabon gida yakan fara da tambayar wace na'ura zai saka: tukunyar gas mai ɗumama ruwa, famfon zafi (na'urar da ke kwaso zafi daga waje ta shigo da shi gida), murhun itace ko hita ta lantarki. Tambayar tana da muhimmanci, amma ita ce ta uku a layi. Kafin ta akwai sanin yawan zafin da gidan ke zubarwa a ranar da ta fi kowace sanyi, sannan akwai hanyar da za a rarraba zafin zuwa ɗakuna. Wanda ya tsallake waɗannan biyu ya tafi kai tsaye wajen mai sayar da na'ura, galibi yakan dawo da wadda ta fi ƙarfin gidansa ninki uku ko huɗu. A gidan da aka gina da kyau, wannan ita ce matsalar da aka fi cin karo da ita, kuma ta fi ƙarancin ƙarfi yawa nesa ba kusa ba.

Dalili shi ne masu aikin da yawa sun koyi sana'arsu ne a tsofaffin gidaje, inda ake ƙiyasin wat 100 ga kowane murabba'in mita. Gida mai murabba'in mita 150 ke nan sai a ce yana buƙatar kilowat 15. Sabon gida da aka lulluɓe bangonsa da rufinsa da kayan tare zafi, aka sa masa tagogi masu gilashi uku, aka toshe duk wata kafar iska, ya bar wannan lissafi a baya. Ƙa'idar gini da ake kira Passivhaus, wadda aka fara gwadawa a birnin Darmstadt na Jamus a 1991 ƙarƙashin jagorancin masani Wolfgang Feist, ta kayyade cewa ɗumama gida kada ta wuce kilowat-awa 15 ga kowane murabba'in mita a shekara, ko kuma buƙatar gidan a ranar tsananin sanyi kada ta wuce wat 10 ga murabba'in mita. Ba kowane sabon gida ne ke kai wannan matsayi ba, amma da yawa suna tsakanin wat 15 da 30.

Yadda ake lissafin

Kowane ɓangare na gini yana da lambar da ke nuna wat nawa ke ratsa murabba'in mita ɗaya nasa idan bambancin zafin ciki da waje digiri ɗaya ne. Injiniyoyi na kiran ta lambar U, kuma ƙanƙantarta ita ce alherinta. Mu ɗauki gida mai hawa biyu, murabba'in mita 150. Bango murabba'in mita 170 mai lamba 0.15 yana zubar da wat 25 da rabi a kowane digiri. Rufi murabba'in mita 75 mai lamba 0.12, wat 9. Daɓen ƙasa kamar wat 6, tunda ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba ta kai iskar waje sanyi ba. Tagogi da ƙofofi murabba'in mita 30 masu lamba 0.8, wat 24. A lura da tagogin nan: faɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na bangon ba, amma abin da suke zubarwa ya kusa daidai da nasa. Jimilla wat 65 ke nan.

Sai iska. Mutanen gida suna buƙatar sabuwar iska, a ce kubik mita 150 a awa ga gida irin wannan. Ɗumama kubik mita ɗaya na iska da digiri ɗaya yana cin kusan wat-awa 0.33, don haka iskar kaɗai tana ɗauke wat 50 a kowane digiri. Idan gidan yana da na'urar musayar iska mai ƙwato zafi, wadda ke ɗumama iskar da ke shigowa da zafin wadda ke fita ba tare da sun gauraya ba, kashi 80 cikin ɗari na wannan yana dawowa, saura wat 10. A ƙara ɗan abin da ke sulalewa ta ƙananan kafofi da mahaɗar bango da daɓe da gefen tagogi, a ce wat 15. Gaba ɗaya wat 90 a kowane digiri. In ana son digiri 20 a ciki alhali waje yana digiri 10 ƙasa da sifili, bambancin 30 ne, buƙatar gidan kuma wat 2,700. Bai kai kilowat 3 ba. Ko da babu na'urar ƙwato zafin, bai wuce kilowat 4 ba.

Wannan misali ne kawai. Lissafin gaskiya ɗaki-ɗaki ake yin sa, da ainihin zanen gidan da kuma sanyin wurin da za a gina shi. A Turai ƙa'idar EN 12831 ce ake bi, a Amurka kuma Manual J. Mai gida ya nemi a ba shi takardar lissafin a hannu, ya duba digirin waje da aka yi amfani da shi, ya duba ko an sa na'urar ƙwato zafi a ciki. Ana yawan samun lissafi mai kyau amma da lambobin tsohon gini a ciki, saboda mai lissafin bai canza abin da manhajarsa ta zo da shi ba. Haka kuma yana da kyau a yi gwajin matse iska kafin a rufe bango: ana liƙa fanka a bakin ƙofa, a zuƙe iskar gidan har bambancin matsi tsakanin ciki da waje ya kai faskal 50 (faskal ma'aunin matsi ne), a auna yadda take komawa. Passivhaus na buƙatar kada iskar gidan ta sauya fiye da sau 0.6 a awa a wannan gwaji. Gidan da aka zana da wannan lamba amma magina suka bar shi a 3, lissafinsa ya riga ya tashi daga aiki.

Me ya sa babbar na'ura ke da illa

Mutum zai ce gara ta yi yawa da ta kasa. Abin da ake mantawa shi ne ranakun tsananin sanyi ƙalilan ne a shekara. Yawancin hunturu waje yana digiri 3, 5 ko 8 ne. A gidan misalinmu, ranar da waje ke digiri 7 buƙatar wat 1,170 ce, sannan a cire zafin da jikin mutane da firji da girki da fitilu ke bayarwa (babban mutum a zaune yana fitar da wat 80 zuwa 100), sai a ga abin da ya rage bai kai kilowat ɗaya ba. In rana ta leƙo ta taga kuma, ya ƙare.

Na'urorin zamani suna iya rage ƙarfinsu, amma kowace tana da iyakar da ba ta iya sauka ƙasa da ita. Famfon zafi mai inbata, wato wanda ke iya rage gudun injinsa, yakan sauka zuwa kashi 25 ko 30 cikin ɗari na ƙarfinsa. Mai kilowat 12 ke nan ba ya yin ƙasa da kilowat 3 ko 4. Idan gida na neman wat 800 ana tura masa 3,500, ruwan bututu yakan yi zafi cikin 'yan mintuna, na'urar ta mutu, ruwan ya huce, ta sake tashi. Haka za ta wuni. Kowane tashi yana cin kwamfureso, wato injin da ke matsa gas ɗin na'urar, domin a lokacin ne man injin bai gama zagayawa ba, kuma 'yan mintunan farko na kowane zagaye su ne mafi ƙarancin amfani. Sakamakon shi ne wuta ta ƙaru, ɗaki ya riƙa zafi yana sanyi, na'urar da ya kamata ta yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin ta gaji tun da wuri. Don haka a takardar bayanin na'ura, lambar mafi ƙarancin ƙarfi ta fi ta mafi girman ƙarfi muhimmanci ga irin wannan gida, kuma sau da yawa sai an tona kafin a same ta.

Zafin ruwan da ke zagayawa

Mataki na biyu shi ne yadda zafin zai isa ɗakuna, kuma a nan ne ake cin riba ko a yi asarar shekaru. Famfon zafi ba ya ƙirƙirar zafi daga wutar lantarki kamar hita. Aikinsa irin na firji ne: yana kwaso zafi daga wuri mai sanyi, wato iskar waje ko ƙasa, ya ɗaga shi zuwa wuri mai ɗumi. Kamar jan guga ne a rijiya, gwargwadon zurfin gwargwadon wahala. Ɗaga zafi daga digiri sifili zuwa 35 ya fi ɗaga shi zuwa 55 sauƙi ƙwarai. Ma'aunin wannan shi ne COP, wato kilowat nawa na zafi ake samu daga kilowat ɗaya na lantarki. Na'urar da ke ba da kusan 4 a ruwa mai digiri 35 takan koma ƙasa da 3 a digiri 55. A taƙaice, kowane digiri da aka ƙara wa ruwan yana rage amfanin na'urar da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari.

A yi hattara da lambar da ake tallatawa. Idan aka rubuta A7/W35, ma'anarsa an gwada ne da iskar waje digiri 7 da ruwa digiri 35, yanayi mai sauƙi. A nemi lambar da ke nuna aikin hunturu gaba ɗaya, SCOP, a kuma duba ƙarfin da na'urar ke bayarwa a digiri 7 ƙasa da sifili, tunda ƙarfinta yana raguwa daidai lokacin da gida ya fi buƙatarsa.

Ɗumama ta ƙarƙashin daɓe ita ce hanyar da ta fi dacewa da ruwa mai ɗan ɗumi. Ana shimfiɗa bututun roba mai kaurin milimita 16 a kan kayan tare zafi, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin layi da layi, a zuba siminti kamar santimita 6 zuwa 7 a kai. Kowane zagayen bututu kada ya wuce mita 80 zuwa 100, in ba haka ba ruwa ba zai gudana da kyau ba, ƙarshen ɗaki ya zauna da sanyi. Daɓe yana ba da kusan wat 11 ga murabba'in mita a kan kowane digiri da ya fi iskar ɗaki. Gida mai buƙatar wat 18 ke nan daɓensa digiri biyu kacal zai fi ɗakin zafi, a ranar tsananin sanyi ma. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, wanda ya yi mafarkin taka daɓe mai ɗumi da ƙafa ba takalmi ba zai same shi ba, kuma ba lalacewa ba ce, gara a faɗa masa tun kafin ya biya. Na biyu shi ne abin da ya fi burge mu a tsarin: idan rana ta shigo ɗakin ya hau daga digiri 20 zuwa 22, bambancin da ke tsakaninsa da daɓen ya gushe, daɓen ya daina ba da zafi da kansa ba tare da wata na'ura ta umarce shi ba. Wannan yana aiki ne kawai idan ruwan bai wuce digiri 28 zuwa 30 ba. In aka faɗaɗa tazarar bututu don tsimin roba, dole a ƙara zafin ruwa, sai simintin ya tara zafi ya ci gaba da fitar da shi sa'o'i bayan an daina so.

Lagireton bango, wato farantin ƙarfe da ruwan zafi ke ratsawa ya ɗumama ɗaki, shi ma yana yi, sharaɗin a zaɓe shi da lissafi. Ƙarfin da ake rubutawa a kansa na ruwa ne mai kusan digiri 70. A ruwa mai digiri 40, abin da zai bayar kusan kashi 30 cikin ɗari ne na wancan. Mai wat 1,000 zai ba da kamar 300. Ɗakin kwana mai murabba'in mita 15 a gidan misalinmu wat 270 yake nema, ya isa ke nan. Shi ya sa daɓe a ƙasa, lagireto a bene tsari ne da ake yawan gani, amma yana da tarko: famfon zafi zai yi aiki ne a zafin da lagireton ke buƙata, gidan gaba ɗaya ya biya farashin ɗakunan bene. Maganin shi ne a sa manyan lagireto da za su wadatu da ruwan daɓen.

Akwai masu son a tura zafin ta bututun iskar na'urar musaya, a huta da bututun ruwa. Iyakarsa a fili take. Ba a ɗumama iskar fiye da kusan digiri 50, domin ƙura takan fara ƙonewa ta yi wari. Kubik mita 150 a awa da ƙarin digiri 30 bai wuce wat 1,500 ba. Daga nan ne ma lambar wat 10 ta Passivhaus ta samo asali. Gidan da ya wuce ta ba zai ɗumamu ta wannan hanya ba, sai dai a ƙara gudun iskar, ita kuma ta zo da ƙara da bushewar maƙogwaro.

Na'urorin kansu

Famfon zafi mai jan zafi daga iska ya zuba cikin ruwa shi ne zaɓin da ya dace da mafi yawan sababbin gidaje, kuma ga gida kamar na misalinmu mai kilowat 4 ko 5 ya wadatar. Abin lura a kansa uku ne. Na farko, idan waje yana tsakanin digiri sifili da 5 kuma akwai laima, ƙanƙara takan taru a jikin na'urar waje, sai ta juya aikinta na 'yan mintuna ta narkar da ita da zafin da ta aro daga ruwan gida. Wannan yana buƙatar isasshen ruwa mai gudana. Idan kowane ɗaki yana da tamostat ɗinsa, wato abin da ke rufe ruwan idan ɗakin ya ɗumama, kuma duk sun rufe, na'urar za ta rasa ruwan ta tsaya da alamar matsala. Don haka a bar yawancin zagayen a buɗe kullum, a daidaita gudun ruwa a wurin rarraba shi zuwa zagayen, tamostat kuma a bar shi ga ɗakunan kwana kaɗai. Na'ura mai kilowat 5 da bambancin digiri 5 tsakanin ruwan fita da na dawowa tana son lita 860 a awa, bututun da ya yi siriri ba zai ba ta ba. Na biyu, ruwan narkewar nan yana da yawa, yana buƙatar ramin tsakuwa ko magudana a ƙarƙashi, in ba haka ba ya daskare a kan hanyar wucewa. Na uku ƙara ce. Tana raguwa da kusan desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka, kuma tana ƙaruwa idan aka cusa na'urar a lungu tsakanin bango biyu, inda kuma takan sake zuƙar iskar sanyin da ta fitar. Kada a sa ta ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, naka ko na maƙwabci.

Batun gas ɗin da ke cikin na'urar ma ya shigo. R410A na tsofaffin na'urori yana ɗumama duniya fiye da iskar kabon sau 2,000 da ɗoriya idan ya tsere, R32 sau 675, R290 kuwa, wato furofen, kusan sau 3. Furofen yana kuma iya kai ruwa digiri 70, amma yana kama wuta kuma ya fi iska nauyi, shi ya sa masu ƙera shi ke gindaya tazara, galibi kamar mita ɗaya, daga ƙofa da taga da bakin magudana. A tsara wurinsa tun a zane.

Famfon zafi mai jan zafi daga ƙasa ya fi na iska amfani, saboda a zurfin mita 10 zuwa 15 zafin ƙasa ba ya canzawa sosai rani da hunturu. Ba shi da ƙara a waje, ba ya fama da ƙanƙara. Ana haƙa masa rijiya irin ta burtsatse, ana samun kusan wat 30 zuwa 60 a kowace mita gwargwadon irin dutse da ruwan ƙasa, ko a binne bututu a kwance a zurfin mita 1.2 zuwa 1.5 a fili mai faɗi. Sai dai a gidan da ke cin kilowat-awa 3,000 na zafi a shekara, bambancin SCOP 3.5 da 4.5 bai wuce kilowat-awa 190 na lantarki ba. Kuɗin haƙa ba zai dawo daga nan ba cikin sauri. Yana da ma'ana a inda sanyi ke da tsanani da tsawo, ko gidan babba ne, ko ana son sanyaya daɓe da ruwan rijiyar lokacin zafi.

Tukunyar gas ta zamani abin dogara ce, masu gyaranta suna ko'ina, kuma tana kai amfani sama da kashi 90 cikin ɗari matuƙar ruwan da ke dawo mata bai kai digiri 55 ba, domin a ƙasa da haka ne tururin hayaƙinta ke zama ruwa ya saki zafinsa. Matsalarta a gida mai tsimi ita ce girma. Wadda ke ba da ruwan wanka nan take tana da kilowat 24 ko fiye, saboda ɗumama lita 10 a minti da digiri 30 yana cin kusan kilowat 21. Da yawa ba sa sauka ƙasa da kilowat 3 zuwa 6, wanda ya fi buƙatar gidan duka a ranar da ta fi sanyi. Ga kuɗin jawo bututun gas da kuɗin layi na kowane wata, waɗanda ba sa raguwa don an rage amfani. Kwatanta ta da famfon zafi ba shi da wuya: a raba SCOP da amfanin tukunyar. 3.6 a raba da 0.9 ya ba da 4. In farashin kilowat-awa na lantarki bai kai ninki huɗu na gas ba, famfon ya fi araha wajen aiki. A kuma duba dokar wurin, tunda wasu ƙasashe sun taƙaita saka gas a sababbin gine-gine.

Hita ta lantarki zalla COP ɗinta 1 ne, amma bai kamata a yi mata dariya ba. Ƙaramin gida mai murabba'in mita 60 a matsayin Passivhaus kilowat-awa 900 yake nema a shekara, kuma hitoci biyu ko uku ba sa buƙatar gyara. Da zarar gidan ya girma ko ginin bai kai yadda aka zana ba, lissafin ya juye, kuma babu bututun ruwa a ƙasa da za a jona wa wata na'ura daga baya. Tsakanin biyun akwai na'urar sanyaya ɗaki mai juyawa ta ɗumama, wadda ita ma famfon zafi ce. Tana da araha, tana aiki da kyau a gida mai buɗaɗɗen falo, raunin ta shi ne ɗakunan da ƙofarsu ke rufe, kuma ba ta ba da ruwan wanka.

Murhun itace kuwa, mafi ƙanƙantarsa yakan ba da kilowat 4 zuwa 5 a ɗaki ɗaya da ke buƙatar wat 500. Cikin awa guda za a buɗe taga. Wanda ya nace a kansa ya sayi wanda ke jan iskar ƙonawa daga waje ta bututunsa, mai ƙofa da ke rufuwa ruf. A gidan da ba ya shan iska, fankar kicin mai fitar da hayaƙi waje tana iya rage matsin ciki har ta jawo hayaƙin murhun zuwa falo, tare da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Na'urar gargaɗin wannan iska dole ce a irin wannan gida.

Ruwan wanka

Wannan ne ɓangaren da aka fi rainawa. Ɗumama lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16. Mutum huɗu, kowa lita 40 a rana, daga digiri 10 zuwa 50, kilowat-awa 7.4 ke nan kullum, kusan 2,700 a shekara, ban da zafin da tankin ajiye ruwan ke zubarwa. Gidan Passivhaus mai murabba'in mita 150 kuwa 2,250 yake ci wajen ɗumama ɗakuna. Ruwan wanka ya fi ɗumama gidan ci, kuma shi ne ke buƙatar zafi mai yawa inda famfon ya fi rauni.

Duk da haka ba dalilin ƙara girman na'ura ba ne. Tanki mai lita 200 yana buƙatar kilowat-awa 9.3 daga sanyi, famfo mai kilowat 4 zai cika shi cikin awa biyu da ɗan kai, kuma gida mai kyakkyawan lulluɓi ba zai ji an dakatar da ɗumama shi na wannan lokaci ba. Abin da ake buƙata shi ne tankin da aka yi don famfon zafi, mai naɗaɗɗen bututu a ciki da faɗinsa ya kai murabba'in mita 2.5 zuwa 3. Tankin tukunyar gas nasa ƙarami ne, ba ya karɓar zafin da sauri, sai famfon ya yi ta ɗaga zafin ruwansa har ya tsaya, hitar taimako, wato hitar lantarki da ke haɗe da na'urar, ta karɓi aikin a ɓoye. Mai gida ba zai sani ba sai takardar kuɗin wuta ta zo. A ajiye tankin a digiri 48 zuwa 50, a saita shi ya riƙa hawa 60 lokaci-lokaci bisa ƙa'idar wurin, saboda ƙwayar cutar lijonela, mai jawo ciwon huhu, tana yaɗuwa a ruwa tsakanin digiri 20 da 45. A zana kicin da banɗaki kusa da tankin. Bututun da ke zagaya ruwan zafi dare da rana don famfon kicin ko na banɗaki ya ba da ruwan zafi nan take yana iya zubar da makamashi mai yawa, kuma lokacin zafi cikin gida yake zubar da shi.

Farantan sola suna taimaka wa ruwan wanka sosai daga bazara zuwa kaka idan aka saita tankin ya ɗumama da tsakar rana, lokacin da iskar waje ma ta fi ɗumi. A tsakiyar hunturu, a ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, abin da suke bayarwa kaɗan ne, kada a gina lissafin ɗumama a kansu.

Hunturun farko

Sabon gini yana ɗauke da ruwa mai yawa a siminti da filasta, kuma busar da shi yana cin zafi. Amfanin shekarar farko yakan fi na lissafi, bai kamata a yanke wa na'urar hukunci da shi ba. Daɓen siminti sai ya yi kwana 21 kafin a fara ɗumama shi, a fara da ruwa mai digiri 25 na kwana uku, sannan a kai shi iyakar zafin da aka tsara na kwana huɗu, kafin a shimfiɗa tayil ko katako. Gaggawa a nan tana tsaga daɓe. Kada a yi wannan busarwa da famfon zafi mai jan zafi daga ƙasa, domin jan zafi mai yawa ba hutawa yana iya daskarar da kewayen rijiyar ya lalata ta. Hitar wucin gadi ake kawowa.

Daga nan sai saitin da ke haɗa zafin ruwa da sanyin waje. Na'urar tana da ma'auni a bangon waje, wanda ya kamata ya kasance inda rana ba ta bugunsa, tana ƙara zafin ruwa idan sanyi ya ƙaru. Masu sakawa sukan bar saitin a sama don kada a kira su da ƙorafin sanyi. Mai gida ya buɗe dukkan tamostat, ya rage saitin da digiri ɗaya, ya jira kwana biyu, tunda daɓen siminti ba ya amsawa da wuri, ya sake ragewa har sai ɗakin da ya fi sanyi ya tsaya daidai inda ake so. Idan ɗaki ɗaya ne ya rage a baya, gudun ruwansa za a ƙara a wurin rarrabawa, a bar zafin ruwan gidan yadda yake. Kashe ɗumama da dare ba ya rage komai a irin wannan gida, tunda da ƙyar yake sauka digiri ɗaya kafin safiya, sannan na'urar ta tashi da ƙarfi a lokacin da waje ya fi sanyi. A nemi a saka mitocin awo biyu tun farko, ɗaya na wutar da na'urar ke ci, ɗaya na zafin da take bayarwa. A raba na biyu da na farko a ƙarshen kowane wata. In famfon iska mai ɗumama daɓe yana ba da ƙasa da 3 a watan da sanyi bai tsananta ba, a duba sau nawa kwamfureso ke tashi a rana da kuma awa nawa hitar taimako ta yi aiki. Dukkan lambobin biyu suna cikin allon na'urar, kuma mai sakawa zai iya gyara saitin a ziyara ɗaya.